Fuskar Tsohon Tana Canzawa, Kiredit Ya Ƙare: Ta Ina Ake Fara Gajeren Fim da AI?

Wani matashi daga Unguwar Rogo a Jos ya aiko da wannan tambaya: "Malam, ina da labari na minti biyar. Wani tsoho ne da ya yi aikin haƙar kuza yake ba jikansa labari a bakin kududdufi. Na sayi kiredit na wata guda a wata manhajar bidiyo ta ƙirƙirarriyar basira, cikin kwana uku ya ƙare, kuma abin da na samu ya ƙi haɗuwa. Kowane shot tsohon da fuskarsa daban, hular tana canzawa, baki ba ya tafiya da magana. Laftof ɗina RAM 8 ne, sai wayata. Ta ina zan fara?"

Ƙanena, ka kama aikin ne ta wutsiya. Bidiyo shi ne abu na ƙarshe da ake taɓawa, kuma shi ne ya fi komai cin kuɗi, kai kuma da shi ka buɗe.

Fara da fahimtar dalilin da ya sa fuskar take canzawa, don daga nan sauran dabarun suka fito. Injin ba ya tunawa. Duk lokacin da ka danna, yana farawa ne daga hatsi-hatsi irin na talabijin ɗin da ba ta kama tasha ba, ya yi ta gogewa har wani hoto ya fito wanda ya yi daidai da kalmominka. Idan ka rubuta "tsoho Bahaushe mai farin gemu", akwai tsofaffi dubu da wannan bayani ya dace da su, kuma kowane danni ɗaya daga cikinsu zai miƙo maka. Bai san ya taɓa yi maka wani tsoho minti biyu da suka wuce ba. Lambar nan da suke kira sid, wadda wasu ke cewa ka riƙe ta fuska za ta zauna, tana aiki ne kawai idan ba ka canza komai a umarnin ba. Da ka ce tsohon ya juya gefe, ta tashi daga aiki. Abin da ke riƙe fuska shi ne hoto. Saboda haka jerin aikin shi ne rubutu, sai murya, sai hotuna marasa motsi, sai ka haɗa fim ɗin gaba ɗaya da waɗannan hotuna ka kalla, sannan ka sayi kiredit na motsi, wato makin da manhajar ke cirewa a kowane danni.

Ga lissafin da ya kamata ka yi tun kafin ka ciro kati. Minti biyar daƙiƙa 300 ne. Idan kowane shot, wato guntun fim daga yanka zuwa yanka, zai ɗauki daƙiƙa 4 a matsakaici, shot 75 kake nema. Manhajojin ba sa ba da dogon abu a danni ɗaya: a 2025 Kling daƙiƙa 5 ko 10 yake bayarwa, Veo 3 na Google daƙiƙa 8, Runway ma bai yi nisa da haka ba. Kuma da wuya gwajin farko ya yi. Ka ƙaddara sau huɗu zuwa shida a kowane shot, ka ga danni 300 zuwa 450 ke nan. Buɗe shafin farashin manhajar, ka duba kiredit nawa daƙiƙa biyar ke ci, ka ninka. Nan za ka ga inda kiredit ɗinka ya bi cikin kwana uku. Shawarata a fim na farko ka datse labarin zuwa minti uku, shot 40 zuwa 45. Labarin tsoho da jika ba zai rasa komai ba, sai ma ya ƙara tsauri.

Sai ka koma kan rubutun da jan biro, ka gyara shi daidai da abin da injin ya iya. Ya iya ruwa, hayaƙi, ƙura, hazo, iska tana kaɗa ciyawa, mutum ɗaya yana tafiya a hankali, fuska tana kallon nesa. Labarinka ya yi sa'a, don kududdufin kuza da hazon hunturun Jos duk abincinsa ne. Inda yake faɗuwa shi ne hannu da duk abin da hannu ke yi. Jan carbi, ƙirga kuɗi, cin tuwo, mai shayi yana jujjuya shayi daga kofi zuwa kofi, musabaha, ɗaura rawani: yatsu su zama shida, carbin ya narke cikin tafin hannu, kofi ɗaya ya haifi wani. Haka mutum biyu idan suka taɓa juna, rigar wannan takan shige cikin ta wancan. Rubutu a jikin allo ko shago yakan fito kamar tafiyar tsutsa. Abin da ya shafi ibada kuwa, sallah, alwala, shafin Alƙur'ani, allon karatu, kada ma ka bari injin ya zana. Zai jagwalgwala haruffa ya karkace ruku'u, ka jawo wa kanka magana a banza. Idan labarin yana bukatar a san lokacin sallah ya yi, a ji kiran sallah daga nesa, a ga takalma a ƙofar masallaci, ya wadatar.

Duk inda rubutun ya ce tsohon ya ciro dutsen kuza daga aljihu ya miƙa wa jikansa, raba shi uku: fuskar tsohon yana kallon ƙasa, tafin hannu a buɗe da baƙin dutse a kai, fuskar jikan. Shot na tsakiyar ma ka ɗauke shi da wayarka da hannun mutum na gaske. Ba wanda ya ce dole kowane firem, wato hoto ɗaya cikin jerin hotunan da ke yin bidiyo, ya fito daga inji.

Jikan kuma, in da hali ka mai da shi saurayi ɗan shekara 19 ko 20. Manhajoji da yawa suna da matattarar tsaro da ke ƙin zana ƙananan yara, balle yaro a bakin ruwa mai zurfi. Za ka yi ta samun saƙon ƙi, ka yi ta juya kalmomi, rana ta tafi.

Yanzu murya. Ita ake fara ɗauka, domin tsawon magana shi ke yanke tsawon shot, kuma ita ce kashin bayan fim irin naka. Nemi dattijo na gaske mai murya, ko ɗan wasan da ya iya muryar tsufa ba tare da ya yi ta rawar murya ta ƙarya ba. Kada ka ba inji ya karanta maka Hausa. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa injin ba ya bambanta gari na zama da gari na tuwo, ko fara ta soyawa da fara aiki. Zai karanta jimlar ba kuskuren harafi ko ɗaya, amma Bahaushe na ji zai san baƙo ne ke magana, kuma daga nan ka rasa mai kallo.

Wayarka ta isa ɗaukar murya idan ɗakin ya yi daidai. Zaɓi ƙaramin ɗaki mai katifa, labule da kaya, ka jingina wata katifar a bango bayan mai magana. Ɗakin siminti fanko amsa-kuwwa yake yi, kuma babu manhajar da ke cire ta tas. A kashe fanka da firji, a jira janaretan maƙwabta ya yi shiru, a sa wayar a yanayin jirgi. Tazarar baki da makirufo kamar taƙi ɗaya, santimita 15 zuwa 20, a ɗan karkace don kada iskar baki ta buge shi. Ka sa manhajar ɗaukar sauti a WAV, 48 kHz, allurar awon sauti tana kaiwa tsakanin -12 da -6 dB in ya ɗaga murya. Kowace jimla sau uku. Idan an gama, kowa ya yi tsit ka ɗauki minti ɗaya na shirun ɗakin, da shi za ka cike giɓin da ke tsakanin jimloli. In kana iya samun ɗalibin sashen sauti daga Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke nan Jos, ko Kwalejin Talabijin ta NTA a Rayfield, ya zo da rikoda da makirufo na sanda, wannan alfarmar ta fi ka ƙara kiredit na wata guda.

Daga nan sai gina tsohon, kuma a nan nake so ka zauna ka daɗe. Umarni da Turanci ake rubuta shi, domin da shi aka fi horar da injunan. Rubuta da Hausa don tunaninka ya daidaita, sannan ka juya. Kada ka dogara da kalmar "Hausa" ta yi maka aiki. Hotunan mutanenmu kaɗan ne cikin abin da aka ciyar da injin, sai ya cike giɓin da abin da ya fi sani: rawanin Buzaye, hular Yarbawa, wani lokaci har da gemu da hancin mutanen Indiya. Siffanta abin da ido ke gani ɗaya bayan ɗaya. Shekara kamar 78, baƙi ne ba wankan tarwaɗa ba, doguwar fuska, kumatu sun faɗa, gajeren farin gemu a haɓa kawai, gira mai furfura, fata mai tamoji da bushewar hunturu. Wannan na ƙarshen ka nace a kai, don injin yana son haska fata ya goge ta sumul kamar ta tallan man shafawa.

Tufafi kuma ka sauƙaƙa. Babbar riga mai aska takwas da hula zanna bukar suna da kyau a hoto ɗaya, amma a bidiyo aikin zaren yana ta rarrafe daga firem zuwa firem, zanen hular ya koma wani daban da zarar ya juya kai. Sa masa kaftani toka-toka marar aiki, tsohuwar suwaita ruwan ƙasa a ciki, da hular sanyi baƙa. Duk wanda ya taɓa fita kasuwar Terminus da sassafe a watan Janairu ya san haka tsofaffin Jos suke shiga, ka ga gaskiya ta zo daidai da sauƙi. Ba shi alama ɗaya babba da ido zai riƙa kamawa, kamar jan mayafi a wuya. Idan fuskar ta ɗan kauce a wani shot, mayafin da hular za su ce wa mai kallo shi ne dai.

Yi ta gwadawa a manhajar hoto, ko Midjourney, ko Flux, ko ta Gemini, har ka sami fuska ɗaya da ta kwanta maka. Hoto ya fi bidiyo araha nesa ba kusa ba, don haka a nan ake ɓarnar gwaji. Wannan hoton shi ne uwa. Daga gare shi, da manhajar da ke karɓar hoto ta gyara shi ba tare da ta canza mutum ba, irin Flux Kontext ko Nano Banana, ka fitar da shi ta gaba, ta gefen dama, ta gefen hagu, ta ƙeya, a tsaye cikakke, a zaune, yana murmushi, yana ɓacin rai. Hoto takwas zuwa goma a jaka ɗaya. Kowane sabon shot daga wannan jaka zai fito, kuma jimlar da ke siffanta shi ka adana ta a wuri ɗaya, ka riƙa kwafowa harafi da harafi. Ka sauya "gajeren gemu" zuwa "farin gemu" a shot na 20, ka sami wani tsohon. Haka za ka yi wa jikan.

Akwai hanyar da ta fi wannan ƙarfi: ka sami dattijo na gaske ka ɗauke shi hoto ta kowane gefe, ka yi amfani da shi a matsayin uwa. Amma sai da yardarsa a rubuce, bayan ka bayyana masa cewa za a sa fuskarsa ta yi motsi da maganar da bai yi ba. Fuskar jaruman Kannywood, malamai, sarakuna ko 'yan siyasa, da muryoyinsu, kada ka kusance su ko da wasa.

Wuri ma haka. Injin bai san Jos ba. Ka ce masa Afirka, ya ba ka bishiyar ƙirya da raƙumin dawa a bayanta da rana ja tana faɗuwa. Ɗauki wayarka ka fita da safe tsakanin ƙarfe 7 da 9, ka je wajen Rayfield ko hanyar Bukuru inda tsofaffin ramukan kuza suka zama tafkuna, ka ɗauki bakin ruwan, tulin jar ƙasa, duwatsun da suka hau kan juna, shingen ƙerana, itatuwan turare. Ɗauki kowane wuri daga nesa, daga tsakiya da kusa, wayar a kwance. Ka tsaya nesa da gaɓa, don ramukan nan suna da zurfi kuma bakinsu yana zaftarewa. A kan waɗannan hotunan za ka ɗora tsohon. Ka kuma yanke hukunci ɗaya kan haske ka rubuta shi a kowane umarni: safiya, hazo fari-fari, rana daga hagu. In ba haka ba shot ɗaya hantsi, na biye da shi almuru.

Kafin hoto na farko ka zaɓi siffar allo. YouTube da bikin finafinai 16:9 ne, 1920 da 1080. TikTok 9:16. Yanke wannan daga wancan daga baya yana cin kawunan mutane.

Idan hotuna 45 sun kammala, jera su a kan muryar a manhajar editin, wato ta yankawa da haɗa fim, kowanne da tsawon da zai ɗauka, ka kalla daga farko zuwa ƙarshe. Nuna wa mutum biyu da ba su san labarin ba, kada ka yi musu bayani. Inda suka duba waya, wurin ya yi tsawo. Inda suka ce wane ne wannan, akwai shot da ya ɓace. A wannan mataki gyara kyauta ne. Za ka kuma gano cewa shot goma ko fiye ba sa bukatar inji sam: hoton tafki da aka ɗan matso da shi a hankali a editin, da ƙarar iska a ƙasa, ya isa.

A nan ne kuma za ka duba layin kallo. Idan tsohon yana hagun allo yana kallon dama, jikan dole ya kasance a dama yana kallon hagu, har ƙarshen wannan zama. Injin bai san wannan doka ba, sai ka ga su biyun suna kallon gefe ɗaya kamar masu jiran mota. Mutane sukan gyara ta hanyar juya hoton kamar madubi, kuma yana yi, amma ka lura da hannu. Tsohon da ya karɓi abu da dama, in ka juya shi ya koma karɓa da hagu, kuma mai kallo Bahaushe ba zai bar maka wannan ba. Aljihun kaftani da inda rana take su ma suna komawa ɗaya gefen.

Yanzu ka sayi kiredit. Kullum hoto zuwa bidiyo, ba rubutu zuwa bidiyo ba. Tunda hoton ya riga ya faɗi kamannin mutum da wuri, umarnin motsi kada ya maimaita su, in ya maimaita injin yakan ɗauka ana so ya sake zana su. Faɗi motsi kawai, kuma ɗaya: tsohon ya ɗago kai a hankali ya kalli ruwa, iska tana kaɗa mayafinsa, kyamara a tsaye. Ka ce ya tashi, ya juya, ya yi tafiya, ya ɗaga hannu cikin daƙiƙa biyar, zai yi biyu ya narke a na uku. Rubuta cewa kyamara ba ta motsi a yawancin shot, domin in ka yi shiru injin yana son ya riƙa shawagi da ita, kuma duk inda ta leƙa wajen hotonka ƙirƙiro wurin zai yi. Juyawar kai fiye da rabi ita ce babbar mai canza fuska, tunda bai taɓa ganin ɗaya gefen ba. In manhajar tana karɓar firem na farko da na ƙarshe, ba ta duka biyun daga jakarka, sai ta cike tsakani kawai.

Zaɓi daƙiƙa 5 maimakon 10. Lalacewa tana taruwa ne a hankali, daƙiƙa uku na farko su ne masu kyau, daga nan kunne ya fara tsawo, duwatsun baya su fara numfashi. Gwada a ƙaramin inganci mai araha, in motsin ya yi sannan ka biya na babba. Shot ɗin da ya ƙi sau shida, matsalar a hoton take ko a abin da ka nema, ka canza kusurwa ko ka raba shi biyu. Danni na bakwai asara ce.

Dabarar ɗaukar firem na ƙarshe a mai da shi farkon sabon guntu don a tsawaita shot tana aiki sau ɗaya, in an matsa sau biyu. Bayan haka kamar hoton takarda ne da aka yi ta maimaitawa a injin kwafi: launi ya ƙone, fata ta koma roba, fuska ta yi nisa da uwa. Gara ka yanka zuwa wani abu, ruwa ko fuskar jikan, ka dawo da sabon guntu daga jakar asali.

Riƙe littafi. Kowane fayil da sunansa, kamar S2_sh07_g4, wato sin (fitowa) na biyu, shot na bakwai, gwaji na huɗu, da umarnin da hoton da ya haife shi. Bayan danni 200 ba za ka tuna komai ba.

Maganar baki. Manhajojin daidaita leɓe suna bin sauti ne, don haka suna karɓar Hausa, amma sakamakon yakan yi kamar bakin aro ne aka liƙa, gemu yana rawa, haƙora suna ƙaruwa suna raguwa. Maganin shi ne ka rage bukatarsa. Labari ake bayarwa, saboda haka muryar tsohon za ta iya tafiya a kan hoton ruwa, bayan kansa, fuskar jikan yana saurare, su biyun daga nesa. Ware jimloli biyar ko shida masu nauyi kawai a ga bakinsa, kowace kada ta wuce daƙiƙa uku, fuska tana kallon gaba ko ɗan karkace, ba abin da ya rufe haɓa. Ba injin muryar tsantsa, ba kiɗa ba iska. Wajen dubawa ka bi firem-firem a kan m, b da ɓ, nan ne leɓe dole su haɗu. A "Baba" sau biyu za su rufe. In sun makara, ja sautin firem ɗaya ko biyu a editin. Akwai kuma hanyar da kake ɗaukar ɗan wasa yana faɗin jimlar a waya, injin ya kwashe motsin fuskarsa ya ɗora wa hotonka, irin Act-One da Runway ta fitar a 2024. Ta fi ba da rai, don ƙifta ido da ɗaga gira na mutum ne.

Inda AI zai biya ka kuɗinka da gaske shi ne waiwaye, lokacin da tsohon ke tuna filin haƙa: leburori a jere da kwanoni a ka suna hawowa daga rami, ruwa yana wanke ƙasa a kwata, ƙaton injin haƙa a can baya. Wannan ba za ka iya ɗauka da kyamara ba ko nawa gare ka. Nemi tsofaffin hotunan ma'adinan Filato ka nazarci shiga da kayan aiki, don kada injin ya sa musu hular kwano ta zamani da riga mai ƙyalli. Taron mutane daga nesa za ka nuna shi, cikin ƙura, baƙi da fari, daƙiƙa biyu zuwa uku. Fuskokin baya a narke suke, amma ƙura da gajeren lokaci suna rufa asiri.

Editin. DaVinci Resolve kyauta ne kuma ya fi kowa gyaran launi, sai dai yana son RAM 16. A kan 8 zai yi ta tsayawa sai in ka yi ƙananan kwafi na aiki. CapCut, Shotcut ko Kdenlive sun fi sauƙi a injinka. Gudanar da injin bidiyo a kan laftof ɗin kansa, irin Wan da ake gudanarwa ta manhajar ComfyUI, ka manta da shi: katin hoto na Nvidia yake bukata mai ƙwaƙwalwar kansa wajen giga 8 ko a ƙaramin samfurin, kuma wannan daban yake da RAM ɗin da ka ambata.

Saita yawan firem tun kafin ka shigo da guntu na farko, don a Resolve ba ya canzuwa bayan an fara. 24 a daƙiƙa don intanet da biki, 25 in kana harin gidan talabijin a Najeriya. Manhajoji suna fitar da 24, wasu 30, Wan 2.1 ma 16, kuma haɗa su barkatai shi ke kawo ɗan tsalle-tsallen da ake gani a tafiya. Motsin AI yakan yi kamar a cikin ruwa ake yinsa, ƙara masa gudu zuwa kashi 110 ko 120 yana dawo da nauyin jiki. Yanke rabin daƙiƙar farko inda hoton bai farka ba. Daidaita launin kowane shot da wanda ka fi so, ka fara da fatar fuska, sannan ka shimfiɗa hatsin fim ɗan kaɗan a kan duka, har da waɗanda ka ɗauka da waya. Shi ke sa su zama 'yan gida ɗaya. Ƙara girman hoto da irin su Topaz a ƙarshe ake yi, kan guntayen da suka shiga fim kawai, kuma kada ka cika masa ƙarfi, yana goge tamojin da ka sha wahalar samu.

Guntayen AI kurame ne, ko kuma su zo da sautin da ba na nan ba. Koma bakin tafkin ka ɗauki iska, kwaɗi, taku a kan tsakuwa, keke napep daga nesa. Kowane shot ya sami aƙalla shimfiɗa biyu, sautin wuri da sautin abin da ke motsi. Kiɗa kuma, ka nemi na Hausa a manhajar kiɗa ta Suno, abin da zai fito ya fi kama da na Indiya ko na Legas, kuma abin da aka yi a asusun kyauta ba a yarda a yi kasuwanci da shi ba. Mai gurmi ko mai sarewa ɗaya, minti biyu, da 'yar takardar yarjejeniya, ya fi. Ƙarfin sautin gaba ɗaya ka kai shi wajen -14 LUFS don YouTube, ka saurara a lasifikar waya, tunda a nan yawancin mutane za su kalla. In kiɗa ya danne tsohon, rage kiɗan. Fassarar ƙasan allo ka rubuta da hannu, layi biyu iyaka, ka adana fayil ɗin a UTF-8, ka tabbata salon harafin yana da ɗ, ƙ da ɓ, in ba haka ba akwatuna za su fito a madadinsu.

Kuɗin rajista da dala ne, kuma a yawancin manhajojin kiredit na wata ba ya tsallakawa zuwa wata na gaba. Don haka kada ka biya sai hotuna da murya sun kammala, ka yi duk motsin cikin wata ɗaya, ka kashe sabuntawa ta kai-tsaye a ranar da ka biya. Sauke guntayen da ka zaɓa nan take, ka ajiye a wuri biyu. Duba ko matakin da ka saya ya cire tambarin kamfani kuma ya ba da izinin kasuwanci.

Wajen sakawa, tun 2024 YouTube yake neman a bayyana idan bidiyo mai kama da gaske da inji aka yi shi, akwai wurin dannawa. Rubuta manhajojin a jerin sunayen ƙarshe. Ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya bayyana a 2025 cewa umarni kaɗai ba ya mai da mutum mai abin da inji ya fitar, abin da ake karewa shi ne aikin ɗan Adam a ciki, don haka adana rubutunka, muryoyi, hotunan wayarka da fayil ɗin editin. In za a haska a sinima ko a sayar, sai ya bi ta Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa. Bukukuwa irin Zuma da Hukumar Finafinai ta Najeriya ke shiryawa a Abuja kowanne da ƙa'idarsa, karanta ta shekarar kafin ka biya kuɗin shiga.

Wannan makon kada ka sayi komai. Ɗauki muryar sin ɗaya, je ka ɗauko hotunan tafkin, gina jakar tsohon, ka yi shot uku da kiredit na kyauta da manhajoji ke bayarwa: su biyun daga nesa, fuskar tsohon, fuskar jikan. Jera su ka nuna wa wani a gida. In ya yarda mutum ɗaya ne a shot na farko da na biyu, ci gaba da sauran 42. In ya ce wannan ai ƙanen wancan ne, koma kan jakar.